Tubali 120 da rigimar da suka tayar a Landan

A shekara ta 1972 gidan adana zane-zane na Tate, a birnin Landan, ya biya fam 2297 ya sayi gasasshen tubali guda 120, an jera su a ƙasa hawa biyu, ba siminti ba ado. Da jaridun Ingila suka tono maganar a 1976, sai ƙura ta tashi, tun da kuɗin na gwamnati ne. Har wani ya fusata ya watsa wa tubalin shuɗin rini. Mai aikin, Carl Andre, yana cikin jagororin salon da ake kira minimalizim, watau rage aiki har ya zamana ba abin da ya saura sai kayan da aka yi shi da su.

Salon yana da tushe. Tun 1915 Malevic na Rasha ya zana baƙin murabba'i bisa farin ƙyalle. Amma a Niyok ta Amurka ne abin ya kafu, sa'ad da samari suka gaji da zanen su Jackson Pollock, masu watsa fenti don bayyana abin da ke cikin zuciya. A 1959 Frank Stella, yana da shekara 23, ya nuna allunan da ba komi a kansu sai baƙaƙen layuka. Daga 1963 Dan Flavin ya shiga aiki da dogayen ƙwayayen lantarki irin na kanti. Donald Judd kuwa tsara akwatunan ƙarfe yake yi a takarda, ya miƙa wa maƙera su ƙera. Sunan salon ya bazu bayan rubutun masani Richard Wollheim na 1965, kana baje kolin 1966 a gidan tarihin Yahudawa na Niyok ya fito da shi sarari.

To, mi mai saye yake saye? Tubalin farko na 1966 bai samu kasuwa ba, Andre ya mayar da mafi yawansa inda ya saye shi. Wanda Tate ta mallaka sabo ne, na 1969. Ƙwan Flavin in ya mutu ana sake wani, darajar aikin tana ga takardar shaida mai sa hannunsa. Ke nan tsari ake saye, da suna, da amana. Ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar takarda a madadin kaya ya san wannan ciniki sarai.