Ku Daina Goge Fayil Don Kwanan Wata Ya Ce Tsoho Ne

Masu yin bidiyo kuna cewa "jera fayil da kwanan wata, goge tsofaffi, waya ta samu wuri", wallahi kuna jawo wa mutane asara.

Wancan satin wata baiwar Allah ta zo shagona nan Arkilla, idonta jawur. Hotunan sunan ɗanta na watan jiya sun tafi. Ashe tun da aka canza mata batir agogon wayar ya koma baya shekaru, ba ta lura ba. Duk hoton da ta ɗauka sai ya fito da tsohuwar shekara. Ta bi shawararku, ta share.

Jama'a, kwanan da File Manager ke jera fayil da shi, ranar da aka taɓa fayil ɗin na ƙarshe ce, kuma agogon waya ke rubuta shi. In agogo ya yi ƙarya, shi ma ƙarya ne. Ka tura tsohon hoto ta Xender ko Bluetooth, sau da yawa sai ya ɗauki kwanan yau. Wani ma za ka ga 1 ga Janairu 1970. Akwai Tecno a lokacin?

Don Allah shiga saitin agogo ka bar shi yana karɓar lokaci daga netwok. Kuma buɗe fayil ka gani da idonka kafin ka danna gogewa.