Waiwaye: Dala bai ragu ba, badala ce ta ragu

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san yadda Dutsen Dala yake a idon yaro. A wurinmu babu abin da ya fi shi tsawo a duniya. Ranar Sallah, in an gama yawon gidajen dangi, sai mu ɗunguma zuwa gindinsa, mu kama matakala muna haki, ana yi wa wanda ya tsaya hutawa dariya. In ka kai sama, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, ga soraye iya ganinka. Manya sun riga sun cika mana kunne da labarin Barbushe da Tsumburbura, don haka ko da rana tsaka ba ka yarda a bar ka a baya.

Yau in ka koma da furfura a gemu, tsauni ne madaidaici za ka tarar, gidaje sun yi masa zobe. Haka zauren makarantar allonmu, wanda muke ganin zai ɗauke yaran unguwa kakaf: magidanta goma suka miƙe ƙafa, ya cika. Wannan ba abin mamaki ba ne. Yaro da takunsa yake awon nisa, da tsayinsa yake awon bango. Ga shi komai sabo ne a wurinsa, sai ya tsaya kallon maƙeri, ya leƙa marina, ya bi akuya da gudu, har aiken da bai wuce lungu biyu ba ya zame masa bulaguro.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mayar da wannan hujja mafaka. Ka ce wa mutum badala ta ragu, sai ya ce, "Haba Malam, ai idon yarinta ne." A'a, ba idon yarinta ba ne. Ganuwar nan da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ita ce a 1903 sai da Turawa suka sa igwa kafin su shiga gari. Mun hau ta, mun yi zamiya a jikinta har wanduna suka yage. Yanzu ka bi titi daga Ɗan Agundi zuwa Kabuga ka duba da kanka. Wani wuri ɗan tudu ne ya saura, wani wurin ko alama babu. Masu ɗibar ƙasa sun ci rabonsu, damina ta ci nata tunda an daina yaɓe, gine-gine sun cinye saura. An sa ta cikin jerin wuraren da ake neman UNESCO ta amince da su a 2007, amma takarda ba ta hana diga aiki ba.

Haka kududdufai. Daga cikinsu kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, ramukan kuma suka zama matattarar ruwan sama. Da yawa an cike su da shara, an yanka filaye, an sayar. Ruwan da ya rasa masauki shi ne yake kwana a tsakar gidajen mutane duk watan Agusta.

Dala dai yana nan yadda Allah Ya ajiye shi, mu ne muka girma. Badala da kududdufai kuwa hannunmu ne ya rage su. Iyaye, ku kai yaranku su ga ragowar ganuwar nan tun tana tsaye. Masu unguwanni da dattawa kuma, in kun ga ana loda ƙasar badala a baro, don Allah ku tsaya ku yi magana.