Hutun Iyali Ba Sai an Haye Teku Ba

Akwai wata aƙida da ta fara kafuwa a gidajen masu hannu da shuni na biranenmu, daga nan ta gangaro zuwa ga ma'aikata da 'yan kasuwa masu matsakaicin hali, har yau ga shi matan aure da yaran makaranta sun haddace ta, cewa hutu ba ya amsa sunansa sai an hau jirgin sama an sauka Dubai, ko Alƙahira, ko Istanbul, ko Landan, kuma magidancin da bai iya wannan ba sai ya haƙura ya zauna gida, yara su ƙare hutunsu tsakanin talabijin da waya har a koma makaranta. Ni a ganina wannan aƙida ɓatacciya ce tun daga tushenta, domin ta jefa mai hali cikin israfi, ta kuma hana marar hali tafiyar da yake da ikon yi, alhali ga ƙasashe nan jingine da tamu, waɗanda mota ke kai mutum cikinsu tsakanin hantsi da la'asar. Ba na maganar Hajji da Umra, waɗannan ibada ne kuma hukuncinsu daban. Ina maganar tafiyar shaƙatawa da buɗe ido, wadda uba ke ɗaukar iyalinsa su yi mako ɗaya ko biyu a wani gari.

Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dalar Amurka da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma da dala ake ƙiyasta tikitin jirgi da kuɗin otal da na biza, saboda haka mutum mai mata da 'ya'ya huɗu wanda ya nufi Dubai sai ya ninka kowane ɗayan waɗannan sau shida kafin ya sa loma ɗaya a baki. Na san gidajen da aka kwashi adashin shekara, da waɗanda aka jingine fili, don kawai kada a ce 'ya'yan wane sun je su ba su je ba. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne, ƙasar da Dubai take ciki, wadda ake wannan wahala dominta, ta rufe wa 'yan Nijeriya ƙofar biza tun daga watan Oktoba na 2022 har zuwa Yuli na 2024, amma maimakon wannan ya sa mu waiwayi maƙwabtanmu, sai muka zauna bakin ƙofa muna jiran a buɗe. Idan kuma an je an dawo, ka tambayi yaron abin da ya gani, zai ce maka kantuna da dogayen benaye da wurin wasa, sannan ya nuna maka hotuna, waɗanda dama dominsu aka yi tafiyar. Malamanmu sun rarrabe tafiya gwargwadon niyyar mai yinta, akwai ta neman ilmi, da ta fatauci, da ta sada zumunci, da ta i'itibari da abin da Allah Ya halitta da abin da al'ummun da suka shuɗe suka bari, kuma ba su sanya tafiyar fahari da riya a cikin waɗanda ake yabo ba.

Da zarar ka ce wa mutum ya kai iyalinsa Damagaram, amsar da za ka ji ɗaya ce, "Me zan je in yi a Nijar?" Wannan tambaya jahilci ne ya haife ta, kuma jahilcin mun gaje shi ne daga layin da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1898 da 1906, suka raba ƙasa ɗaya mai harshe ɗaya da addini ɗaya gida biyu, har jikokin waɗanda aka raba suka wayi gari suna raina juna. Daga Kano zuwa Damagaram kimanin kilomita 240 ne ta hanyar Daura da Matamaye, wato bai kai nisan Kano zuwa Abuja ba. A can akwai unguwar Birni, wadda Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa a ƙarni na 19, a zamanin da Damagaram ke ƙera igwa da kanta tana karɓar ayarin Azbin da na Tarabulus, kuma garin ne hedikwatar mulkin Faransa a Nijar har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai.

Wanda ya shiga lungunan Birni da sassafe, kafin rana ta yi zafi, zai ga abin da Kano da Zariya suka yi sakaci da shi har ya kusa ƙarewa a cikinsu. Gidajen ƙasa ne masu zankwaye a saman katanga, an yi wa fuskar zaure zane mai tudu da hannun magini, dagi da takobi da da'ira cikin da'ira, wani an shafe shi da farar ƙasa wani da shuɗi da ja, ga manyan duwatsu a tsakiyar unguwa gidaje sun jingina da su, ga dogarai cikin jajayen riguna a ƙofar fada, ga dukawa a rumfunansu suna ɗinkin jaka da takalmi da matashin fata suna amsa gaisuwa ba tare da sun ɗaga kai daga basilla ba. Yaron da aka haifa a gidan bulo a Nasarawa ko Barnawa, wanda bai taɓa kwana ƙarƙashin azara ba, idan ya tsaya a gaban irin wannan zaure ya sa hannu ya taɓa zanen, ya ji an ce masa haka gidan kakansa yake, ya sami darasin da babu wani kanti a bayan teku da zai ba shi. Kuma duk wanda zai tambaya hanya da Hausa zai amsa masa, tuwon da za a kawo masa shi ne wanda ya sani, ba wanda zai tsaya binciken halaccin nama, kiran salla kuwa yana iske shi a duk inda yake.

Maraɗi ma haka, ba ta kai kilomita 100 daga Katsina ba. Can ne zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa mulkinsu bayan jihadi, har yau ana kiran mai sarautar Sarkin Katsinan Maraɗi, ga Tsibiri kusa da ita inda Sarkin Gobir yake, ga tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai da ake cewa casa'in da tara ne. Mutumin Sakkwato kuwa, wanda ya haye ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, ya kusa Marata, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Muna koya wa 'ya'yanmu tarihin jihadi a aji, su rubuta sunayen Gobir da Marata da Agadas a takardar jarrabawa, amma ba mu taɓa gaya musu cewa waɗannan wurare suna nan, da mutane a cikinsu, kuma kuɗin mota kaɗai ke tsakaninsu da su ba. Ina ganin wannan tauye haƙƙin yaro ne.

Wanda yake son canjin iska, ya ce shi zafi ya gaji da shi, sai ya dubi gabas. Ngaundere a Kamaru tana bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga doron teku, ƙasa ce mai ciyawa da shanu da magangarar ruwa da tafkuna, mai sanyin dare, kuma lamidonta ɗaya ne daga lamiɓen da asalin tutarsu ke komawa ga Modibbo Adama na Yola, kamar Garwa da Marwa da Tibati da Banyo. Fulatanci ne harshen kasuwa, Hausa kuma ba baƙuwa ba ce. Daga nan jirgin ƙasa ke tashi da yamma ya kwana yana tafiya kimanin kilomita 620 zuwa Yawunde, da taragun kwana masu gadaje waɗanda iyali za su iya kama ɗaki guda su rufe, a tsaya a tashoshi cikin dare mata su zo bakin taga da zuma da ayaba da rogo, gari ya waye yara su leƙa su ga daji ya rufe ko'ina a inda jiya suka bar fili. A Yawunde akwai unguwar Birketiri ta Hausawa, da masallatanta da 'yan tsirenta, a yamma kuma akwai Fumban, inda fadar da Sarki Ibrahim Njoya ya gina a 1917 take tsaye, shi ne sarkin da ya ƙirƙiro wa mutanensa haruffan rubutu nasu na kansu.

Ta yamma kuma tsohuwar hanyar Gwanja tana nan, wadda fatake suka bi da jakuna ta Nikki da Jugu da Yandi zuwa Salaga neman goro, suka bar zango a kowane gari da suka yada kaya, shi ya sa har yau Bahaushe ba ya rasa masauki a Paraku ko Tamale ko Kumasi. A wannan hanya ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya yi ilmi da karantarwa har ya rasu a Kete Karachi a 1934. Kusa da Tamale akwai tsohon masallacin Larabanga da gandun dajin Mole, inda ake ganin giwaye ana tafe da ƙafa tare da ma'aikacin gandun. Gidaje nawa ne a Kano da Katsina da Sakkwato suke da dangi a waɗannan zangogi, waɗanda zumuncin ya yanke tun rasuwar kaka? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Na san hujjojin da za a kawo mini, kuma ba zan raina su ba, domin wanda ya yi wasa da lafiyar iyalinsa don ya gaskata wani marubuci ya yi wauta. Hujja ta farko tsaro ce. Gaskiya ne akwai yankunan da ba a kai yara yanzu, kamar Tilaberi da Difa a Nijar, da gandun Waza da kewayen tafkin Cadi, da gandayen dajin arewacin Binin, kuma ita kanta hanyar Jibiya ta zuwa Maraɗi ta sha fama da 'yan bindiga ta ɓangarenmu. Gaskiya ne kuma an rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu na 2025. To amma mai adalci ba ya ɗaukar hukuncin yanki ɗaya ya ɗora wa ƙasa baki ɗaya, kamar yadda mu ma muke jin zafi idan baƙo ya ƙi zuwa Kano saboda abin da ya ji ya faru a wani daji mai nisan kwana guda da ita. Direbobin tasha da 'yan kasuwar da ke hayewa kowane mako sun fi kowa sanin wace hanya ce lafiya a wannan watan, su ake tambaya, a yi tafiya da rana, a tsaya a kan babban titi, a kwana cikin gari.

Hujja ta biyu ita ce sefa ma ta yi tsada, kuma wannan ma haka ne, domin an ɗaure ta da kuɗin Turai a kan sefa 656 kowace yuro, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi a gaban dala ta yi ta a gaban sefa. Sai dai mafi nauyin kuɗin hutu tikitin jirgi ne da biza, kuma su ne wannan tafiya ta sauke wa magidanci, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Binin da Togo da Gana ya zauna kwana 90 ba biza, Kamaru ma ba ta neman biza daga gare shi a gajeriyar ziyara, abincin kasuwa kuma da masaukin talakawa ba su kama ƙafar farashin otal na ƙasashen Larabawa ba. Hujja ta uku ita ce wahalar shingaye, kuma ita ce wadda na fi jin ɗacinta, don na taɓa tsayawa da iyali a rana a wani shinge ana juya takardun da babu aibi a cikinsu ana jiran a ga ko zan miƙa wani abu. Maganin da na sani shi ne cikar takardu da haƙuri: fasfo ga kowa har jariri, katin rigakafin shawara, takardun mota idan da ita aka fita, da canjin kuɗi tun daga gida, tare da sanin cewa sefar Nijar da Binin daban take da ta Kamaru da Cadi, darajarsu ɗaya amma ba a karɓar wannan a kasuwar waccan.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hutun Disamba, an gama kaka, abinci ya yi araha, hunturu ya sauko, hanyoyi sun bushe. A irin wannan tafiya ta mota yaro ke koyon sallar ƙasaru a aikace, bayan ya daɗe yana karanta babinta a littafi, ya koyi gaida baƙo da zama a gidan mutane da lissafin kuɗin da ba nasa ba, uwa kuma ta sami 'yan'uwa mata da za ta shiga cikin gidajensu ta yi hira da harshenta, abin da ba ta samu a ɗakin otal a hawa na ashirin. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye da suka cika titunan Kano da Kaduna ba su tallata Damagaram ko Ngaundere don ba wanda ya taɓa shiga ofishinsu ya tambaya, makarantun kuɗi kuma da ke tara wa iyaye miliyoyi don kai ɗalibai yawon buɗe ido bayan teku suna iya cika bas guda su kai aji ɗaya Birnin Damagaram su dawo cikin kwana uku, da kuɗin da bai kai na tikitin ɗalibai biyu ba, in da iyaye sun tashi a taron makaranta sun nemi a yi hakan.