Suna ba makulli ba ne: zare a kan NIN, BVN da sunayen Hausawa

1/ Jama'a, a daina ɗora wa talaka laifin "sunanka bai zo daidai ba". In NIN ya ce Muhammad, BVN ya ce Mohammed, katin zaɓe ya ce Muhammadu, mutumin lafiyarsa ƙalau. Tsarin ajiye bayanan ne gurgu. Ku biyo ni. 🧵

2/ Ku ƙirga sau nawa aka ɗauki bayanan ɗan Najeriya: rajistar layin waya tun 2011, katin zaɓe, BVN daga 2014, NIN na hukumar NIMC da aka kafa a 2007, lasisin tuƙi, fasfo. Mutum ɗaya, rumbu shida, kowane ma'aikaci ya rubuta sunan yadda kunnensa ya jiye masa.

3/ Abin haushin, maganin tsoho ne. Tun 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin rumbun bayanai mai jadawalai masu alaƙa da juna. Ƙa'idar da ta fito daga aikinsa: a rubuta kowane bayani sau ɗaya, a wuri ɗaya. Kowa a ba shi lamba tasa shi kaɗai. Sauran jadawalai su riƙe lambar, ba su kwafi sunan ba.

4/ Ko mai shago a kasuwa ya san haka. In yana da Sani uku a littafin bashi, ba zai dogara da "Sani" kawai ba, sai ya ƙara wa kowanne wata alama. Suna yana maimaituwa, rubutunsa yana canzawa. Lamba ba ta yi.

5/ Kuma lambar muna da ita: NIN, alƙaluma 11. A Disamba 2020 aka ce kowa ya haɗa ta da layinsa. A 2021 JAMB ta wajabta ta. Bankuna sun biyo baya, haka lamunin ɗalibai na NELFUND. To in lamba da zanen yatsa sun tabbatar ni ne, me ya sa harafi ɗaya zai tsayar da komai? An ƙera makulli amma har yanzu da suna ake taɓa ƙofa.

6/ Ku duba fom ɗin ma: sunan farko, na tsakiya, na iyali. Mu a al'adarmu sunanka ne da na mahaifinka, wani ya ƙara na kaka ko na gari. Aminu Kano, Shehu Shagari, Tafawa Ɓalewa, duk sunayen garuruwa ne a ƙarshe. Wannan ofishi ya sa sunan uba a akwatin iyali, wancan ya sa na gari. Kwamfuta ta ce mutum biyu ne.

7/ Ga ƙ, ɗ, ɓ, da alamar nan ta Sa'adu, Mu'azu, Rabi'atu. Tun farkon shekarun 1990 haruffanmu ke cikin tsarin Unicode. Manhajar da ta kasa karɓarsu yau, wanda ya rubuta ta ne bai damu ba.

8/ Sai ranar haihuwa. A wajenmu Babban Mutum da ƙauyukan Baure, dattawa da yawa a gida aka haife su, babu takarda. Tsoho zai ce maka shekarar fari ce, ko ana gobe Sallah. Fom ya dage sai rana da wata, sai a cike 1 ga Janairu. Wani ofishin ya cike wata ranar. Fom ne ya tilasta ƙaryar, sannan a kama mutum da ita.

9/ Waye ke biya? Gyaran ranar haihuwa a NIN ya daɗe a naira 15,000, a 2025 ya haura 28,000. Ƙara kuɗin mota, takardar rantsuwa a kotu, da yinin gona da aka rasa. Wani ya yi kuskure da yatsarsa, manomi ya sayar da akuya. Haba!

10/ Na san za a ce mutanenmu ma suna rage shekaru, suna canza suna don neman aiki. Gaskiya ne, akwai. Amma rumbu shida da ba sa magana da juna shi ne aljannar mai rage shekaru. Rumbu ɗaya mai ajiye tarihin kowane gyara, da wanda ya yi shi, shi ke kama shi.

11/ Estoniya ta yi. Tun 2001 tsarinta na X-Road ke haɗa rumbunan hukumomi, kuma ƙa'idarsu ita ce kada gwamnati ta tambaye ka abu ɗaya sau biyu.

12/ Abin da nake nema huɗu ne:
• A haɗa bayanai da NIN, ba da harafin suna ba.
• Gyara a wuri ɗaya ya isa ko'ina.
• A ba da damar rubuta shekara kaɗai ga wanda bai san ranar ba.
• Kuskuren ma'aikaci a gyara shi kyauta.

13/ Mu ɗaliban kwamfuta kuma, gobe mu ne za mu zana waɗannan jadawalan. Kafin ka ce manhajarka ta gama, gwada ta da sunan kakarka. In ta ƙi karɓa, koma ka gyara.