SAUYA MA'AJIYAR TAKARDU BA AIKIN DARE ƊAYA BA NE

Kowane akawu ya sani ran ofis yana cikin takardunsa. Dā, zamanin En'e, in za a sake ɗakin ajiya, sai an bi fayil ɗai-ɗai da rajista a hannu. Yau kuwa manyan ma'aikatu cikin kwamfuta suke ajiya, da tsari guda wanda ke riƙe kowace takarda, ya san wanda ya rubuta ta, da wanda aka yarda ya karanta. To, shi ma tsarin yakan tsufa, tilas a sabunta shi, a nan kuwa akan yi tuntuɓe. Abin da ya sami hukumar bincike ta Amurka, watau FBI, ya isa ishara.

Da tsarin da take aiki da shi tun 1995 ya gaza, sai ta ba da kwangilar sabo cikin 2001. Manya ba su tsai da abin da suke bukata ba tun farko, aiki na tafiya ana ta sake shawara. Har wa yau aka shirya a kashe tsohon a kunna sabon rana ɗaya, ba hanyar komawa baya. Masanan da suka duba cikin 2004 suka yi gargaɗi a kan wannan ganganci. Cikin 2005 aka watsar da aikin, bayan ya ci dala wajen miliyan 170.

Aka sake shiri cikin 2006, aka sa masa suna Sentinel. Shi ma ya yi ɗingishi, sai cikin 2010 hukumar ta karɓi ragamar da kanta, ta gutsuttsura aikin, kowane mako biyu a nuna abin da aka gama. A watan Oktoba na 2011 aka sa ɗaruruwan ma'aikata su gwada shi lokaci guda, sai ya tsaya cik. Da aka bincika aka ga tsofaffin injuna ne ba su iya ɗaukar nauyin ba. Aka sayo sababbi, sa'an nan cikin Yuli 2012 kowa ya kama aiki da shi. Ku duba, tsayawar nan ta ranar gwaji riba ce, gama da ranar aiki ta faru, da ɓarna ta yi yawa.

Saboda haka muna jan kunnen duk shugaban da ke shirin irin wannan canji. Ya fara ƙirga takardunsa, ya yi kwafinsu, ya kuma gwada ya tabbata kwafin nan yana buɗuwa. Ya tambayi akawuna yadda aiki ke gudana, domin su ne suka san inda kaya ya fi nauyi. Ya fara da sashe guda, in ya zauna daidai a ƙara. Ya bar tsohon tsari da rai sai lissafin sabo ya yi daidai da nasa, don ba a zubar da ruwan tulu saboda ganin hadari.

Ku kuma akawuna da malaman makaranta, in kun ga kuskure kada ku yi shiru. Ku rubuta ranar, da sa'ar, da abin da kuka taɓa, ku kai gaba, gama da wannan mai gyara zai gane bakin zaren. Takardar gonar talaka, ko shaidar jarrabawar yaro, in ta ɓace, shi mai ita ne zai yi kuka. Amana ce a hannunku. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.