Na'urar Awon Hawan Jini Ta Shiga Gidaje: Shin Lambar da Take Ba Mu Gaskiya Ce?

A 'yan shekarun nan, duk kemis ɗin da ka leƙa daga Marnona zuwa Wurno ko Goronyo, da wuya ka rasa na'urar awon jini mai batir. Abu biyu ne suka jawo haka. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2018, ta sa ana janye tsohuwar na'ura mai zaiba saboda gubarta. Sannan rashin tsaro a gabashin Sakkwato ya sa mutumin ƙauyen Rabah sai ya yi dogon tunani kafin ya hau hanya don awo kawai.

A ganina wannan ci gaba ne, domin hawan jini ba ya sallama, sau da yawa sai ɓarin jiki ya shanye ake gane shi. Damuwata ita ce na'urar ta riga ilimin amfani da ita isowa.

Kwanakin baya an kawo mini wani dattijo da ya daina shan magani, wai na'urar ɗansa ta nuna 19 da 12, jini ya sauka ke nan. Da na duba, ashe an danna maɓalli ta koma ma'aunin kPa. A mmHg, wanda likitoci ke aiki da shi, jininsa ya kai 140/90. Don haka ku fara da duba fuskar na'urar: mmHg ya kamata a gani. A saita kwanan wata da lokaci, in kuma tana ajiye awon mutum biyu, kada na maigida ya cakuɗe da na uwargida. Batir ya yi sanyi, a canza.

Sai ɗamarar hannu, inda aka fi yin kuskure. In ta yi wa damtse kaɗan, lambar kan haura, a ɗora mutum kan maganin da ba ya buƙata. In ta yi yawa, sai ta ɓoye ciwon. A ɗaura ta kan fata, ba kan hannun riga ba. Wanda ya sauko daga babur ko ya ci goro ya dakata tukuna: minti 30 bayan goro, shayi ko taba, sannan zaman minti 5, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. A auna sau biyu a rubuta.

Mai allura da ake matsa wa iska, wadda ƙananan asibitoci ke amfani da ita, faɗuwa ɗaya na iya karkatar da ita. In allurar ba ta zauna kan sifili kafin awo ba, kada a yarda da ita. Ƙa'ida ita ce a gwada ta duk wata 6, kuma wannan nauyi ne a kan hukumomin lafiya, ba majinyaci ba. Ta gida kuwa, ku zo da ita ranar ganin likita mu kwatanta da tamu.

Mai juna biyu kada ta tsaya jiran ranar awo. In ta ga 140/90 bayan mako 20, ta je asibiti a ranar. In ya kai 160/110, ko akwai ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani ko kumburin fuska, a nemi mota nan take, domin jijjiga na iya biyowa baya.