Mu Zana Tsofaffin Gidajen Silima Na Ankara Kafin Katafila Ta Riga Mu

Wata Asabar cikin hutun da ya wuce na kwashi yara goma sha ɗaya daga ajina, muka hau trotro muka sauka gaban wani tsohon gidan silima a nan Accra, wato Ankara kamar yadda muke kiranta a zango. Kowane yaro da baƙin biro ɗaya, da farar takarda, da guntun kwali na ɗora ta. Ginin yanzu sito ne, an cika shi da kaya har baki. Na ce musu aikin yau ɗaya ne, kowa ya zauna ya zana abin da idonsa ya gani.

Ba mu yi minti goma ba mai gadi ya fito yana tambaya ko mu ma'aikatan gwamnati ne masu awon fili. Da ƙyar na shawo kansa. Can sai wani dattijo da ke zaune a inuwa ya taso ya leƙa takardar wata yarinya. Ta zana wata 'yar ƙaramar taga da aka toshe da bulo, ba ta ma san ko ta mene ce ba. Ya ce mata, "Jikata, nan ake yankar tikiti. Hannu kawai ke shiga, ba ka ganin fuskar mai karɓar kuɗin." Daga nan fa baki ya buɗe. Ya nuna mana inda layi ke farawa, da inda masu gyaɗa da tsire ke zama, da ƙofar da ake tura masu tikitin araha. Na ce wa yaran su juya takarda su rubuta duk abin da Baba ya faɗa.

Tun ranar nake da ra'ayin da zan faɗa a nan. Ya kamata makarantunmu na zango su ɗauki zanen tsofaffin gidajen silima da na wasan kwaikwayo na garin nan a matsayin aiki, da alƙalami da tawada, tun gine-ginen suna tsaye kuma waɗanda suka shige su suna da rai. Na san akwai masu jin wannan magana su ce malamin makaranta ya rasa abin yi. Zan zo kansu.

Ni kaina ban taɓa kallon fim a ɗaya daga cikin waɗannan gidaje ba. Sa'o'ina a ɗakin bidiyo muka tashi, benci da talabijin da labule a ƙofa. Amma sunayen muna jin su kullum: Rex, Roxy, Opera, Globe, Orion da ke Circle, da Dunia tamu ta Nima. Mai neman kayan wuta yau ana ce masa ya je Opera Square, kuma yawancin matasan da ke ciniki a wurin ba su san sunan gidan silima ne ba. Sunan ya rage a bakin direbobi da 'yan kasuwa, abin da ya haifi sunan kuma yana ta shuɗewa.

Dubi Palladium. Attajirin nan Alfred Ocansey ne ya kafa shi a shekarun 1920, shi ne kuma mai jaridar African Morning Post wadda Nnamdi Azikiwe ya yi wa edita. A dandalin Palladium an nuna fim, an yi rawa, an yi wasan barkwanci irin wanda ya zama konsat fati. A nan ne kuma, ranar 20 ga Fabrairu 1948, Kwame Nkrumah da J.B. Danquah suka yi wa tsofaffin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu jawabi. Kwana takwas bayan haka, ranar 28 ga wata, aka harbe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da soja Odartey Lamptey a mararrabar Christiansborg, garin ya kama da wuta, hanyar 'yancin kai na 1957 ta buɗe. Duk yaron JHS ya haddace sunayen nan uku don jarrabawa. Nawa ne a cikinsu za su iya nuna maka ginin da aka yi taron? Kuma kar mu manta, rundunar da waɗannan sojoji suka fito cike take da 'yan arewa, Hausa ce harshen bariki tun zamanin da ake kiran 'yan sandan Turawa da sunan Hausawa. Tarihin da ya bi ta wannan ɗaki namu ne mu ma.

Yadda gidajen suka mutu ba ɓoyayye ba ne. Nkrumah ya kafa kamfanin fina-finai na ƙasa a 1964, gwamnati ta riƙe wasu gidajen silima, 'yan kasuwa suka riƙe wasu. Tattalin arziki ya karye a ƙarshen shekarun 1970. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fita da dare wadda ta wuce shekara biyu, kuma sana'ar da ke ci da dare ba ta jure irin wannan. Sai bidiyo ya shigo. A 1987 William Akuffo ya fito da Zinabu a kaset, kowa ya ga ana iya yin fim ba tare da tsadar da aka saba ba, ana kuma iya kallonsa a ɗaki ɗaya cikin unguwa. A 1996 aka sayar da kashi 70 cikin ɗari na kamfanin fina-finan ga wani kamfanin Malesiya, wanda daga nan TV3 ta fito. Gidajen kuwa, wasu sun zama coci, wasu sito, wasu shaguna, wasu an bar su ruwan sama na ci. A 2013 mai shirya fim Akosua Adoma Owusu ta nemi gudummawa ta intanet don a ceto Rex. Ƙoƙari ne mai kyau, amma ya nuna mana inda aka kai: ginin da ke tsakiyar babban birnin ƙasa sai an yi masa bara.

Kar wani ya ce gini mai suna ba ya faɗuwa. Ɗakin wasan kwaikwayon da Efua Sutherland ta kafa a farkon shekarun 1960, wato Ghana Drama Studio, rushe shi aka yi don a gina babban gidan wasan ƙasa da Sinawa suka gina, wanda aka buɗe a 1992. An sake gina kwatankwacinsa a jami'ar Legon saboda akwai masu ilimi da murya da suka tsaya masa. Wa zai tsaya wa gidan silima na unguwar talakawa? Ranar da mai fili ya samu ciniki, katafila za ta zo da asuba, kafin azahar an gama.

To, me ya sa zane, alhali kowa na da waya a aljihu? Wannan ita ce tambayar farko da yaran suka yi mini, kuma tambaya ce mai kyau. Hoton waya daƙiƙa ɗaya ne. Ka ɗauka ka wuce, ba ka ga komai ba, wata shida wayar ta faɗa ruwa ko a sace ta a Circle, shi ke nan. Mai zane kuwa dole ya zauna awa biyu. Dole ya ƙirga tagogi, ya lura cewa saman bangon gaba hawa-hawa yake kamar matakala, ya ga inuwar haruffan tsohon suna a ƙarƙashin sabon fenti. Tawada ba ta goguwa, saboda haka yaro yana koyon ya duba sau uku kafin ya ja layi ɗaya. Ni malami ne, kuma wallahi ban san darasin da ya fi wannan koya wa yaro natsuwa ba. Sannan mai ɗaukar hoto mutane gudunsa suke yi, mai zane kuwa matsowa suke su ga abin da yake yi. Da waya muka ɗaga a ranar nan, da Baba bai taso daga inuwa ba.

Akwai kuma batun kuɗi. Darasin fasaha da ƙira yana cikin manhajar JHS, amma yawancin makarantunmu ba su da fenti ko buroshi, sai a rubuta bayani a allo yara su kwafa. Biro da takarda kuwa ba wanda ya rasa. Ban da haka, alƙalami da tawada ba baƙin kaya ba ne a wurinmu. Yaron da ya yi makarantar allo ya san yadda ake feƙe alƙalami, ya san yadda ake dama tawada da ƙaro, ya ga zayyanar da ake yi wa allon sauka. Hannun da ya iya jan wasali siriri da kauri ya riga ya yi rabin tafiya. A ajina, waɗanda suka fi iya jan layi miƙaƙƙe ba tare da rula ba su ne masu zuwa makaranta da yamma.

Yanzu ga masu ƙorafi. Wani mahaifi ya same ni bayan sallar Magariba ya ce, "Malam, na ji ka kai yara zane. Zane ba haramun ba ne?" Na ce masa, Alhaji, sanannen abu ne cewa maganar malamai a kan surar abu mai rai take. An ruwaito cewa Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Bango da taga da rufin kwano ba su da rai. Wanda ke da shakka ya tambayi malamin unguwarsu, ni ma na tambaya kafin na fita da 'ya'yan mutane.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan raina shi ba. Ana cewa gidan silima wurin shashanci ne, iyayenmu sun sha dukan 'ya'yansu a kansa, don me za mu raya sunansa? Gaskiya ne an yi abubuwan banza a bakin waɗannan ƙofofi. An sha hayaƙi, an yi dambe, yara sun gudu daga karatun dare sun tafi kallon fim ɗin Indiya. Amma rubuta abin da ya faru daban, yabonsa daban. Gidajen bayi na Cape Coast da Elmina ana kai ɗalibai su gani, ba wanda ya ce ana yabon cinikin bayi. In muka ce sai abin da ya yi mana daɗi za mu ajiye, jikokinmu za su gaji tarihin da ba mutane a cikinsa. Kakanninmu sun gina masallatai, sun yi fataucin goro da shanu, sun kuma tsaya layi da sisinsu a hannu don su ga jarumi ya kashe bos. Duka su ne.

Kuma mu 'yan zango muna da dalili na musamman. Har gobe akwai mai kallonmu a matsayin baƙi, ko da kakan kakanka a Ankara aka binne shi. Dattawanmu ba su manta da dokar korar baƙi ta Nuwamba 1969 ba, lokacin da aka ba mutane mako biyu su tattara. Al'ummar da ake yawan tambaya yaushe ta zo, bai kamata ta yi sakaci da kowace shaida ta zamanta a gari ba. Takarda mai zanen Dunia, da kwanan wata, da bayanin wani dattijo cewa a nan ya fara kallon fim shekara kaza, shaida ce. Ƙarama ce, amma irinta ɗari in an haɗa sun zama kundi.

Sai dai zane ma yana iya ƙarya, shi ya sa nake sa wa yarana doka uku. Ka zana abin da ke nan yau, har da tsagar bango da allon cocin ko na shagon da ke ciki, kar ka gyara wa gini fuska. In dattijo ya kwatanta maka yadda wurin yake a da kana so ka zana, yi shi a takarda daban ka rubuta cewa wannan daga bakin wane ne. Sannan kowace takarda ta ɗauki kwanan wata da sunan titi da gefen da ka zauna. Kuma a nemi izinin masu wurin cikin ladabi, ko coci ne ko sito. Mu ma ba za mu so wani ya zo ya zauna gaban masallacinmu yana rubuce-rubuce bai yi sallama ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Kowace makaranta da ke ƙarƙashin sashen ilimin Islamiyya ta zaɓi gini ɗaya kusa da ita, ta ba shi Asabar biyu a zangon karatu. 'Yan uwanmu malamai na Kumasi da Tamale da Sekondi-Takoradi su yi nasu, don can ma akwai irin waɗannan gidaje. A ƙarshen shekara a haɗa zanen a yi baje koli a harabar makaranta, a gayyaci iyaye da sarakunan zango. A ɗauki kwafi a kai wa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da ma'ajiyar takardun tarihi da ke Adabraka. In Asusun Raya Zango zai taimaka da kuɗin buga ƙaramin littafi, madalla. In bai samu ba, kuɗin biro da trotro ba su fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba.

Zanen yaran nan goma sha ɗaya suna cikin wani fayil a kabad ɗina. Wasu sun karkace, wani ma ginin kamar zai faɗi. Na koma wurin makonni uku da suka wuce don in nuna wa Baba, aka ce mini ba shi da lafiya, 'ya'yansa sun tafi da shi gida. Allah Ya ba shi sauƙi. Abin da ya faɗa mana dai yana nan a bayan takardar yarinyar, da rubutunta, shafi ɗaya da rabi. Malamin da ke son ganin yadda muka tsara aikin, ƙofar ajina a buɗe take.